Gwaje-gwajen alajin gyaɗa guda biyar: wanne za a yi wa yaro, wanne za a bari?

Idan yaro ya sha kunun gyaɗa ya fita da borin jini, ko leɓensa ya kumbura, ko ya kama amai ba ƙaƙƙautawa, iyaye kan je asibiti da tambaya biyu a dunƙule. Ta farko, gyaɗar ce da gaske? Ta biyu, wadda ita ce ke hana barci: in ya sake ci, abin zai tsaya a fata ko zai kai ga toshe numfashi? Gwaje-gwajen da ake da su sun iya amsa ta farko, wani ya fi wani. Ta biyun kuwa har yau ba a sami wanda za a jingina da shi ba. A 2020 manyan ƙungiyoyin likitocin alaji na Amurka sun fitar da ƙa'idar gano alajin gyaɗa, suka shawarci likitoci da kada su dubi girman sakamakon gwajin fata ko na jini su yanke hukunci a kan tsananin abin da zai faru nan gaba. Duk wanda ya kalli lambar da ke kan takarda ya ce muku na yaronku mai sauƙi ne, ko ya ce mai kisa ne, ya faɗi abin da takardar ba ta faɗa ba.

Duk da haka gwajin yana da ranarsa, musamman a gidajenmu da gyaɗa ta shiga ko'ina: ƙuli-ƙuli, yajin tsire, kilishi, miyan taushe, dakuwa, man suya. Raba yaro da gyaɗa a nan babban aiki ne, bai kamata a ɗora wa gida shi a kan zato ba.

Abin da za a duba kafin a biya kuɗi

Ma'auni na farko shi ne ko gwajin yana bambanta yaron da ke da alajin gaske da wanda jininsa kawai ya san gyaɗa. Jiki na ƙera wani sinadarin kariya da ake kira IgE. Yawancin gwaje-gwajen shi suke nema. Sai dai yara da yawa suna da IgE na gyaɗa, kuma suna cin ta lafiya lau. Girman sakamako kamar hadari ne: in ya yi baƙi ƙirin an fi sa ran ruwa, amma ba ya nuna ko ruwan zai rushe katanga.

Na biyu, ko yana ba da wani haske a kan tsanani, ko da kaɗan ne. Daga nan sai kuɗi, wanda ya kamata a lissafa har da ganin likita, mota da kwanan wani gari. Sai tsawon lokacin da sakamakon zai yi amfani, domin jikin yaro na canzawa: kusan ɗaya cikin biyar na yara masu alajin gyaɗa suna rabuwa da shi in sun girma. Sai wahalar yin sa, sai kuma haɗarin da ke cikin gwajin kansa.

Gwajin fata

Ma'aikaciya za ta ɗiga digo uku a cikin hannun yaro, ko a bayansa in jariri ne: ruwan gyaɗa da aka tace, ruwan gishiri wanda bai kamata ya tayar da komai ba, da histamin wanda dole ya tayar da ƙurji. Sai ta ɗan tsikari fatar ta cikin kowane digo da ƙaramin tsinke, ba tare da jini ya fito ba. Bayan minti 15 zuwa 20 a ɗauko rula a auna tudun da ya taso, mai kama da cizon sauro. A baƙar fata jan da ke kewaye ba ya fitowa sosai, shi ya sa tudun ake aunawa, wani lokaci sai an shafa da yatsa an juya hannun wajen haske.

Tudun da ya fi na ruwan gishiri da milimita 3 ana ɗaukarsa ya nuna. In ya kai milimita 8, binciken da aka yi a Ostireliya da Ingila ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na irin waɗannan yaran suna da alajin gaske. Matsalar tana tsakiya, daga 3 zuwa 7, inda yara da yawa ke faɗawa, kuma a nan gwajin ba ya raba gardama. Inda ya fi ƙarfi shi ne in bai nuna komai ba, domin a lokacin da wuya a ce akwai alajin, sai fa in labarin abin da ya faru da yaron ya yi ƙarfi sosai.

Shi ne mafi araha, kuma a zama ɗaya ake tafiya da amsa. Dole a dakatar da magungunan ƙaiƙayi irin su Piriton, cetirizine da loratadine na wasu kwanaki kafin a je, likita zai faɗi nawa. Ku duba maganin mura da tari na ruwa da ake ba yaron, da yawansu akwai irin wannan sinadari a ciki, kuma shi kaɗai ya isa ya sa gwaji ya fito fari fat alhali akwai ciwon. Ruwan gwajin ma a firji yake zama, yana da ranar lalacewa, don haka ba laifi ba ne ku tambaya. Haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai, amma a wurin da ke da adrenalin, allurar gaggawa ta alaji mai tsanani, ake yin sa. Game da tsanani, yaro mai milimita 5 zai iya shiga mawuyacin hali, mai 12 kuma ya tsaya a ƙurji.

Gwajin jini na gyaɗa dungurungum

Wannan shi ne wanda aka fi tura mutane su yi, domin kowane ɗakin gwaji zai iya ɗibar jini ya aika wani gari. Yana auna IgE da ke kama duk abin da ke cikin gyaɗa. Daga 0.35 kU/L, wato ma'aunin yawan IgE a jini, ake cewa ya nuna, kuma a yaran Amurka da Ingila, in ya kai wajen 15 ana ganin kusan tabbas akwai alajin. Maganin ƙaiƙayi ba ya taɓa sakamakon, ciwon fata ma ba ya hana a yi shi, kuma babu wani haɗari in ban da zafin allura. Ya fi gwajin fata tsada, a kuma jira kwanaki ko makonni.

A ganina wannan shi ne gwajin da ya fi iya ruɗar da iyaye a Afirka ta Yamma, kuma akwai hujja. A 2013 an wallafa binciken da aka yi a kan 'yan makaranta sama da 1,300 a yankin Accra na Ghana. Kashi 17.5 cikin 100 jininsu ya nuna IgE na gyaɗa. Gwajin fata kuwa kashi 2 kacal ya kama, waɗanda suka ce gyaɗa na yi musu wani abu kuma kashi 1.5 ne. Masu binciken sun gano cewa yawancin wannan IgE ɗin wasu ƙwayoyin sukari da ke manne a jikin furotin yake kamawa, ba furotin mai cutarwar ba, kuma abin yana da alaƙa da kamuwa da tsargiya. Tsutsar tsargiya tana ɗauke da irin wannan sukari, jiki ya ƙera kariya dominta, kariyar kuma ta kama gyaɗa a cikin kwalbar gwaji ba tare da yaron ya ji komai a jikinsa ba.

To ku duba garuruwanmu na bakin dam da fadama, inda yara ke wuni a ruwa, fitsarin jini kuma ba baƙon abu ba ne. Yaro irin wannan ana iya dawo da takardarsa da lamba mai tayar da hankali, a hana shi gyaɗar da ya saba ci tun yaye. Asarar ma ba ta tsaya ga abinci ba. Binciken LEAP da aka yi a Landan, wanda aka wallafa a 2015 a kan jarirai 640 masu ciwon fata mai tsanani, wato mai ƙaiƙayin nan da ake kira eczema, ko alajin ƙwai, ya nuna cewa waɗanda aka riƙa ba gyaɗa tun suna jarirai sun fi waɗanda aka hana tsira daga alajin da kusan kashi 80 cikin 100. Hana gyaɗa ba gaira ba dalili na iya buɗe ƙofar ciwon da ake gudu.

Gwajin Ara h 2

Shi ma jini ake ɗiba, amma maimakon a auna gyaɗa gaba ɗaya, sai a ware furotin ɗinta ɗaya bayan ɗaya. An ba su lambobi, Ara h 1, 2, 3, 6, 8, 9 da sauransu. Ara h 2 da ɗan'uwansa Ara h 6 su ne masu taurin kai, wuta ba ta lalata su, ruwan ciki ma ba ya narkar da su da sauri, kuma su aka fi samu a jinin yaran da ke da alajin gaske. Ara h 8 kuwa ya yi kama da furotin ɗin garin furen wata bishiyar Turai, mai shi yawanci ƙaiƙayin baki kawai yake ji. Wancan labarin Arewacin Turai ne, bai cika shafar mu ba.

Ƙa'idar Amurka ta 2020 ta ce in gwaji ɗaya tak za a yi, Ara h 2 ya fi kowanne daidaito, kuma ƙa'idar ƙungiyar likitocin alaji ta Turai ta 2023 ita ma ta sa shi a gaba. A wajenmu yana da ƙarin fa'ida: furotin ɗin da ake amfani da shi a gwajin ba ya ɗauke da sukarin nan da ke ruɗa sakamako, don haka tsargiya ba ta yaudarar sa. A binciken Accra ma, yaran da gwajin dungurungum ya kama, kaɗan ne cikinsu suka nuna wani abin kirki a kan waɗannan furotin.

A nan ne mutane suka fi zamewa game da tsanani. Gaskiya ne idan aka tara yara da yawa, waɗanda suka taɓa yin mai tsanani sukan fi yawan Ara h 2. Amma lambobin rukunin biyu sun cakuɗe, ta yadda ba za a ɗauki yaro ɗaya a ce ga inda zai faɗa ba. Ya fi na dungurungum tsada, ba kowane ɗakin gwaji ke karɓar sa ba, sau da yawa ma sai an fitar da jinin waje. Ku tabbatar an rubuta sunansa a takardar, don kada a karɓi kuɗinsa a yi muku wancan.

Gwajin basofil

Basofil wasu fararen ƙwayoyin jini ne da ke fashewa da sinadaran alaji. A wannan gwajin ana zuba gyaɗa a kan jinin yaron a cikin kwalba, a ƙirga ƙwayoyin da suka motsa da wata na'ura ta musamman. Shi ne ya fi kusa da amsa tambayar tsanani. A 2020 Farfesa Alexandra Santos da abokan aikinta na King's College da ke Landan sun wallafa sakamako a kan yaran da suka haɗa da na LEAP, inda gwajin ya kama duk waɗanda suka yi mai tsanani lokacin da aka ba su gyaɗa a asibiti, ya kuma ware kashi 97 cikin 100 na waɗanda ba su yi ba. Gwajin fata da Ara h 2 sun biyo shi a kusa.

Labari ne mai daɗi, sai dai a riƙe shi da hannu biyu. Yaran da suka yi mai tsananin ba su da yawa a binciken. Kuma a asibiti ana tsayar da ba da gyaɗa da zarar alama ta fito, abin da ba ya faruwa ga yaron da ya cinye tsinken tsire uku a bakin titi kafin ya ji wani abu. Jinin dole ya zama sabo, a yi aikinsa cikin kwana guda. Wajen ɗaya cikin goma na mutane ƙwayoyinsu ba sa motsi a kwalba ko kaɗan, sai sakamako ya fito ba amsa. Ko a Turai cibiyoyi ƙalilan ke yin sa. Ga yawancin masu karanta wannan, abu ne na sani kawai.

Ba da gyaɗa a gaban likita

Wannan shi ne alƙali. Ana zuwa da yaro da safe yana cikin ƙoshin lafiya, ba mura ba tari, asmarsa a kwance. A fara da ɗan mitsitsi a bakin cokali, a cakuɗa da abin da ya saba ci. A tsarin da aka fi bi, ana farawa daga miligiram 3 na furotin ɗin gyaɗa, a riƙa ƙarawa duk bayan minti 20 zuwa 30 har a kai miligiram 3,000, alhali ƙwayar gyaɗa ɗaya tana da wajen 200 zuwa 300. Kafin kowane ƙari sai an duba fata, an saurari ƙirji. In ya cinye duka, a riƙe shi kamar awa biyu ana kallo, sannan a sallame shi da umarnin ya ci gaba da cin gyaɗa a kai a kai.

Shi kaɗai ke ba da amsar e ko a'a, kuma in amsar a'a ce an huta da sauran gwaje-gwaje. Shi ne kuma mai haɗarin gaske, domin ana iya samun anafilaksis, wato alajin da ke kama numfashi ko ya faɗar da hawan jini. Don haka ba a yin sa sai inda akwai adrenalin a zuƙe cikin sirinji, iskar oksijin, da likitan da ya saba. Yana cin wuni guda da kuɗin gado da na ma'aikata. Kada wani ya ce muku ku ɗan lasa masa a gida ku gani. Ko shi ma wannan gwajin, abin da ya nuna na ranar ne: yaron da ya tsaya a ƙurji a asibiti bai sami takardar shaidar cewa kullum a nan zai tsaya ba.

Akwai wani da ake tallatawa a intanet da wasu ɗakunan gwaji, mai auna IgG, wani sinadarin kariya daban da IgE, na abinci ɗari ko fiye. Ban sa shi a lissafi ba. IgG alama ce ta cewa mutum yana cin abincin, kuma ƙungiyoyin likitocin alaji na Turai da Amurka sun ce kada a yi amfani da shi wajen gano alaji.

| Gwaji | Gano alajin gaske | Hasashen tsanani | Kuɗi | Wahala | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Fata | Mai kyau in babu tudu ko ya kai milimita 8 | Rauni | Mafi araha | Minti 20, a daina maganin ƙaiƙayi | Kaɗan ƙwarai |
| Jini, gyaɗa dungurungum | Yana yawan nuna abin da babu | Rauni | Matsakaici | Allura da jira | Babu |
| Ara h 2 | Mafi daidai cikin na jini da aka saba | Ɗan haske, bai isa hukunci ba | Mai tsada | Sau da yawa sai an aika nesa | Babu |
| Basofil | Mai kyau sosai | Mafi alƙawari, bai gama tabbata ba | Mai tsada sosai | Sabon jini, cibiyoyi ƙalilan | Babu |
| Ci a gaban likita | Shi ne hukunci | Na ranar kawai | Mai tsada | Wuni guda a asibiti | Akwai, sai da shiri |

Wajen daɗewar sakamako kusan duk ɗaya suke. Na fata da na jini akan maimaita su bayan shekara ɗaya ko biyu a ƙananan yara, a ga ko lambar na sauka. Wanda ya ci a gaban likita lafiya, nasa ya zauna muddin bai daina ci ba.

Abin da ke sa ya yi tsanani, wanda ba ya kan takarda

Asma da ba a kula da ita ba tana gaba. Sai yawan abin da aka ci, da yadda aka sarrafa shi: suya da gashi suna ƙara wa furotin ɗin gyaɗa ƙarfin tayar da alaji fiye da dafuwa, don haka yaron da ya taɓa cin dafaffiya ya tsira ba lallai ya tsira da ƙuli-ƙuli ba. Man gyaɗa na gida, wanda ba a tace shi a masana'anta ba, yana ɗauke da furotin. Zazzaɓi da guje-guje bayan cin abinci suna taimakawa. Wani bincike da aka yi a kan manya a Ingila, aka wallafa a 2019, ya nuna motsa jiki da rashin barci kowannensu ya rage adadin gyaɗar da ke tayar da alaji da kashi 45 cikin 100. Samari da 'yan mata sun fi ƙananan yara shiga haɗari, domin sun fita daga idon uwa, suna ci a waje, suna jin kunyar tambaya.

Babban abin da ake samu a labarin waɗanda suka rasu shi ne jinkirin adrenalin. Mutuwa daga alajin abinci ba ta da yawa, amma in numfashi ya fara sarƙewa, murya ta dushe, ko yaro ya yi laushi, Piriton da haidirokotizon ba su ne magani ba. Allurar adrenalin ce a tsokar cinya ta waje, nan take. A kwantar da yaron a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya yi masa wuya a zaunar da shi, kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. Alƙalamin adrenalin irin su EpiPen yana da tsada da wuyar samu a ƙasashenmu, amma adrenalin na kwalba yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ya kamata ku san asibiti mafi kusa da ke ajiye shi tun kafin buƙata ta taso.

Wanne ya dace da wa

Yaron da ke cin gyaɗa ba ta yi masa komai, kada a gwada shi, ko da yayansa na da alajin, ko da an yi rangwame a ɗakin gwaji.

Wanda ya yi borin jini, kumburi ko amai cikin awa biyu da cin gyaɗa, a dakatar da ita a fara da gwajin fata. In tudun ya kai milimita 8 ga kuma wannan labari, magana ta ƙare, kuɗin da ya rage a kashe shi wajen shirin gaggawa da maganin asma. In ya faɗa tsakiya, Ara h 2 ne mataki na gaba.

Wanda aka riga aka yi wa gwajin jini na dungurungum ya nuna, alhali bai taɓa yin komai ba, musamman in ya taɓa fitsarin jini ko yana wasa a rafi, a koma wa likita da wannan bayani, a nemi gwajin fata ko Ara h 2 kafin a canza tukunyar gida.

Wanda ya taɓa shiga anafilaksis sarai bayan cin gyaɗa, gwaji ɗaya na tabbatarwa ya isa. Ba a kai shi ci a gaban likita don neman sanin tsanani, ana ɗaukarsa mai haɗari ko lambar ta fito ƙarama. A sanar da makaranta, islamiyya da gidan kakanni.

Jariri mai ciwon fata mai tsanani ko alajin ƙwai, wanda bai fara gyaɗa ba, ya ga likita da wuri, tun wajen fara ba shi abinci, domin jinkiri ne ke cutar da shi. In gwajin ya fito lafiya a fara da kunun gyaɗa ko niƙaƙƙiya da aka dama, ban da ƙwaya, saboda shaƙewa.

Yaro mai tamowa da ake zargin gyaɗa ba ta karɓe shi ba, a faɗa wa ma'aikatan cibiyar tun ranar farko, domin abincin leda da ake rabawa, irin su Plumpy'Nut, da gyaɗa ake yin sa. A nan bai kamata a daɗe a kan zato ba, a nemi a gwada shi da gaggawa.

Wanda kuma ya shekara biyu ko uku bai yi komai ba, tudun fatarsa na raguwa, Ara h 2 ɗinsa ya yi ƙasa, shi ne ya fi cancantar a ba shi gyaɗa a gaban likita, in an sami asibitin da ke da kayan aiki da wanda ya iya.